Kariyar Sokotra: Yadda Aka Rage Mata Matsayi

Akwai wata tsohuwar gardama game da tsibirin Sokotra na Yaman: kariyar tsibirin jinsi ce mai cin gashin kanta, ko reshe ce na kariyar da muke dasawa a gidajenmu? Tsibirin ya ɓalle daga yankin Larabawa miliyoyin shekaru da suka wuce. A rubuce kuwa, labarin ya fara da masanin tsirrai Forsskål, wanda ya ga kariya a Yaman, aka buga bayaninsa a 1775 bayan rasuwarsa. A 1819 aka raɗa wa dangin suna Adenium. Wani masanin, Balfour, ya tattara tsirran Sokotra a 1880, amma sai a 1904 Vierhapper na birnin Vienna ya ware ta tsibirin da sunan Adenium socotranum. A 1966 wani masani mai suna Lavranos ya mayar da ita ƙarƙashin Adenium obesum, wato kariyar da ta bazu daga Senegal har yankin Larabawa.

Ina ganin Vierhapper ne ke da gaskiya. Kariyarmu gajera ce mai rassa, ta Sokotra kuwa gangar jikinta kan kumbura kamar rumbu, ta zarce tsayin mutum, ta kafe a tsagin dutse, ta fitar da fure ruwan hoda tun ganye bai tsiro ba. Masu bin Lavranos sun ce furen duk ɗaya ne, kuma masu lambu sun haɗa iri biyun sun haihu. Hujja ce mai nauyi, sai dai abin da hannun mai lambu ya haɗa a tukunya bai nuna abin da ke faruwa a daji ba, inda teku mai faɗin fiye da kilomita 200 ya raba su. Wasu sun ce iska da fari ne suka sauya mata sura, amma ai ko an shuka irinta a wata ƙasa, da surarta take tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne kiyayewa. UNESCO ta sanya Sokotra cikin kayan gadon duniya a 2008 saboda kusan kashi 37 cikin 100 na tsirranta ba a samunsu a ko'ina. Muddin ana ƙidaya wannan kariya tare da 'yar'uwarta da ta cika Sahel, za ta iya raguwa a tsibirin alhali takardu na nuna jinsin yana nan lafiya.