Tashar Sauraron Samaniya ta Kano

A zamanin da Ingila, saboda fargabar bam ɗin da Rasha ta gwada a 1949, take haƙa ramuka masu zurfi tana binne ɗakunan rada, watau na'urar hango jiragen sama, tana kuma ɗora ɗan ƙaramin gida a bisa domin kada mai wucewa ya ankara, ƙasarmu ba ta shiga wannan sha'ani ba. Amma ba a jima ba Kano ta sami tasha mai kusanci da su ta fuskar aiki, ko da yake ita a sarari take, kuma ba ta soja ba ce.

Asalin al'amarin shi ne, sa'ad da Amurka ta ƙuduri aniyar harba ɗan Adam sararin samaniya ƙarƙashin shirin Mercury, masananta suka lura cewa kumbon da yake kewaye duniya cikin sa'a ɗaya da rabi ba ya daɗewa bisa wata ƙasa face 'yan mintoci, saboda haka ya wajaba a jera tashoshi a tafarkinsa, kowace ta kama muryar matuƙi da bugun zuciyarsa ta isar wa masu jan ragamar tafiyar. Tafarkin kuwa, in ya baro Florida ya ƙetare teku ta tsibiran Kanari, ta kan Kano yake ratsawa ya nufi Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da matuƙin kumbon Mercury John Glenn ya kewaye duniya sau uku, Kano tana cikin masu sauraronsa.

Wanda ya yi wa tashar kallon zargi a lokacin, a ganina, yana da hujja: a Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta a Sahara, yarjejeniyar tsaro tsakanin ƙasarmu da Ingila kuma sai da zanga-zangar ɗalibai ta taso kafin a soke ta a 1962. Tashar Zanzibar kuwa, juyin juya halin 1964 ne ya rufe ta. Ta Kano ta ɗore har ta yi wa shirin Gemini, wanda ya biyo bayan Mercury, hidima.

A nan Abuja hukumar nazarin samaniya take, wadda aka kafa a 1999. Ya kamata ta nemi dattawan da suka yi aiki a tashar, ta rubuta abin da suka gani tun suna raye.