Keso: buhun wuri 20,000

Kafin naira da sefa su zama abin canji a iyakar Jibiya, wuri ne kuɗin Katsina da Maraɗi. Ƙirga shi kuwa jan aiki ne. A 1851, Heinrich Barth ya ga yadda ake yi a Tasawa, gabas da Maraɗi: ana jan wuri biyar-biyar, ashirin hauya ke nan, hauya goma tsibi guda. Wuri 20,000 ke cika keso.

Lambar nan tana da daɗin rabo. 32 ce sau 625, kuma lambobi 30 ne ke raba ta ba saura, ciki har da 5, 20, 200 da 1,000. Amma fa ban da 3: fatake uku suka raba keso, sai wuri biyu ya rage.

Har gobe biyar-biyar ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5.