Asalin Wasan Maciji da Tsani

Idan kuka juya bayan allon lidon da yaranku ke bugawa, sau da yawa za ku tarar da zanen macizai da tsanuka. To, wannan wasa daga Indiya ya fito, can ana kiransa Moksha Patam, kuma tun asali darasin tarbiyya ne aka saka cikin wasa.

A tsohon allon, gidajen suna da sunaye. Gindin tsani halin kirki ne, kamar kyauta da tawali'u. Bakin maciji kuwa mugun hali ne: fushi, sata, kwaɗayi, girman kai. Gidan ƙarshe shi ne tsira a fahimtar addinin Hindu, wato rai ya huta da sake dawowa duniya. Kuma macizan sun fi tsanukan yawa, don yaro ya gane cewa faɗuwa ta fi hawa sauƙi. Kai, har Sufayen Musulmi na can sun yi nasu allon, da matakan kusanci ga Allah.

Wajen shekarun 1890, zamanin mulkin mallaka, Turawan Ingila suka kai wasan ƙasarsu, suka daidaita yawan macizai da tsanuka, aka sassauta. A 1943 kamfanin Milton Bradley na Amurka ya cire macizan ma ɗungurungum, ya sa abin sulɓi na filin wasan yara. Sannu a hankali sunayen halayen suka ɓace daga yawancin alluna. Ni dai ina ganin an yi asara, domin wanda ke kasuwanninmu lambobi ne zalla, macizan ko suna ba su da shi.