Pikin, kalmar da ta hau jirgin Turawan Fotugal

Duk wanda ya zauna a barikin soja ko ya ratsa Sabon Garin Kano ya ji uwa tana kiran ɗanta "pikin" da Turancin buroka. Da yawa sun ɗauka Ingilishi aka karya, alhali tushen kalmar na Fotugal ne: "pequeno", wato ƙarami, da "pequenino", ɗan ƙanƙani. Turawan Fotugal sun gina sansanin Elmina a Ghana ta yau a 1482, kuma bakinsu ya daɗe yana yawo a kasuwannin gaɓar teku, inda ake cinikin zinariya da bayi.

Daga nan kalmar ta bazu. A Saliyo da Kamaru "pikin" ce, a Jamaika "pickney". Ta kai har Papua New Guinea, inda a 2012 Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya gabatar da kansa da harshen Tok Pisin a matsayin "pikinini" na farko na Sarauniya. Babu wanda ya ji haushi.

A Amurka ne ta lalace. Tun ƙarni na 17 masu gonakin rake a tsibiran Karebiyan ke kiran 'ya'yan bayi "pickaninny". Zuwa ƙarni na 19, a Amurka, ta zama sunan wani zane na raini: yaro baƙi da tsumma a jiki, gashi a hargitse, ido zuru-zuru, baki har kunne, sau da yawa riƙe da kankana ko kada na binsa. An buga shi a katin gaisuwa da tallar sabulu, kuma iyaye farar fata suna saya suna dariya. Yaron da aka zana haka ba a ɗauke shi ɗan kowa ba, shi ya sa jikokin bayi ba sa jin kalmar sai a matsayin zagi.

Ingila ma ba ta tsira ba. Ɗan siyasa Enoch Powell ya jefa ta a jawabinsa na ƙin baƙi a Birmingham a 1968. Boris Johnson ya rubuta ta a jaridar Daily Telegraph a 2002, yana ba'a da yaran da ke kaɗa tuta idan Sarauniya ta ziyarci ƙasashen renon Ingila. Sai a 2008, da yana neman kujerar magajin garin Landan, ya ba da haƙuri, ya kuma ci zaɓen.