Tarihin Labaran Soyayyar Matasa Masu Son Jinsinsu

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labarai da ya tsiro a Ingila da Amurka a ƙarni na 20. Yana bin rayuwar yaro ko yarinya a shekarun balaga, lokacin da suka fahimci cewa zuciyarsu ta karkata ga jinsinsu. Soyayyar farko ce ke jan labarin, amma nauyinsa yana kan iyayen da ake tsoron ɓata wa rai, da addinin da aka tashi a cikinsa, wanda a koyarwar mafi yawan malamansa abin haramun ne. Mai son ganin yadda reshen ya sauya, ya duba shafukan ƙarshe na littattafan, domin a nan ne kowane zamani ya nuna makomar da ya yarda a ba irin wannan matashi.

E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914. Jarumin littafin ɗan masu hali ne da ya bar zuwa coci tun yana jami'a, ya nemi likita ya warkar da shi, bai dace ba, daga ƙarshe ya zaɓi zama da wani ma'aikacin gandu mai suna Alec. Forster ya dage cewa sai labarin ya ƙare da farin ciki, kuma ya san hakan zai jawo masa fitina a ƙasar da ake ɗaure mutum a kan wannan laifi. Sai ya adana rubutun. An sassauta dokar Ingila a 1967, Forster ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971. Radclyffe Hall, wadda 'yar Katolika ce, ta yi ƙarfin halin buga The Well of Loneliness a 1928, ta rufe shi da roƙon Ubangiji, amma wata kotu a Landan ta yanke cewa batsa ne, ta ba da umarnin a lalata shi.

Wanda ya fara ba addini cikakken matsayinsa a wannan labari shi ne James Baldwin, baƙar fata ɗan unguwar Harlem a birnin New York. Shi kansa ya yi wa'azi a coci tun yana ɗan shekara 14, ya bari yana da 17. A Go Tell It on the Mountain na 1953, John Grimes ya wayi gari ranar da ya cika shekara 14 yana jin cewa shi mai zunubi ne, ga mijin uwarsa Gabriel, mai wa'azi mai zafin hannu, ga kuma wani saurayin coci, Elisha, da idonsa ba ya iya barinsa. Daren ranar John ya faɗi a ƙasan coci cikin jazaba har gari ya waye, ya tashi ana masa murnar ya sami ceto. Baldwin bai mayar da ibadar abin dariya ba. Ya nuna cewa cocin da ke tsorata yaron shi ne kuma wurin da baƙaƙen fata matalauta ke samun mutunci da waƙa da 'yan uwa, don haka barinsa ba ƙaramin rashi ba ne. Har yau kaɗan ne daga cikin marubutan da suka biyo baya suka kai shi a wannan fanni.

Littafin farko na wannan reshe da aka rubuta musamman domin matasa ya zo a 1969. John Donovan ne ya rubuta shi, mai suna I'll Get There. It Better Be Worth the Trip. Davy ɗan shekara 13 ya sumbaci abokinsa, ba da daɗewa ba mota ta take karensa, yaron ya ɗauka hukunci ne. Wannan salo ya yi kaka-gida a shekarun 1970: da zarar an nuna soyayyar, sai haɗarin mota ko wata mutuwa ta biyo baya, ko da yake ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire lamarin daga jerin cututtuka tun 1973. Nancy Garden ce ta karya salon da Annie on My Mind a 1982, inda 'yan matan biyu suka kai ƙarshen littafi da ransu da soyayyarsu. A 1993 aka ƙona kwafensa a Kansas City, kuma a 1995 wata kotun tarayya ta tilasta wa makarantun Olathe su mayar da shi ɗakunan karatu.

A Ingila, Jeanette Winterson ta fitar da Oranges Are Not the Only Fruit a 1985, labarin yarinyar da wata uwa 'yar Pentikostal ta ɗauka riƙo tana shirya ta zama mai yaɗa bishara. Sunayen babi takwas ɗin daga littattafan Tsohon Alkawari aka ɗebo su, daga Farawa zuwa Rut. An yi wa yarinyar addu'ar fitar da aljanu, aka hana ta wa'azi, ta bar gida. Shekara uku bayan haka gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa Sashe na 28 na wata doka, wanda ya hana ƙananan hukumomi tallata irin wannan rayuwa, kuma bai gushe a Ingila ba sai 2003.

Daga 2000 zuwa yau littattafan sun yi yawa, tambayar kuma ta sauya. Jaruman sun daina neman hanyar fita kawai, suna neman yadda za su riƙe imaninsu da iyayensu. The God Box na Alex Sanchez, na 2007, ya sa samari biyu Kiristoci a Texas suna muhawara a kan ayoyin Baibul ɗaya bayan ɗaya, har wani lokaci muhawarar ta danne labarin. Benjamin Alire Sáenz, wanda ya taɓa zama limamin Katolika, ya juya tsohon tsarin a Aristotle and Dante Discover the Secrets of the Universe na 2012, domin iyayen jarumin, Ari, ne da kansu suka zaunar da shi suka gaya masa abin da yake ɓoye wa kansa. Wani sashe kuma ya shiga cibiyoyin addini masu iƙirarin sauya ɗabi'a, kamar The Miseducation of Cameron Post na 2012 da tarihin rayuwar Garrard Conley, ɗan wani fasto a Arkansas, Boy Erased na 2016. Babbar ƙungiyar wannan aiki, Exodus International, ta rufe a 2013. Raunin da ya fi addabar littattafan wannan zamani shi ne saurin sulhu: uba ya yi fushi a babi ɗaya, ya rungumi ɗansa a na gaba, kamar aƙidar shekara 50 rigar da ake tuɓewa ce.

Marubuta daga gidajen Musulmi sun shigo daga baya, yawancinsu suna zaune a Turai ko Amurka. Abdellah Taïa na Maroko ya buga L'Armée du salut da Faransanci a 2006, Sara Farizan ta kafa labarinta If You Could Be Mine a Iran a 2013. A La Petite Dernière na 2020, Fatima Daas, 'yar asalin Aljeriya da ta tashi kusa da Paris, ta kawo jaruma mai sallah da azumi wadda ita kanta take ɗaukar halinta zunubi, ba ta bar addinin ba, ba ta kuma ce ta warware rikicin ba.

A Najeriya, Jude Dibia ya buga Walking with Shadows a 2005, ko da yake jaruminsa magidanci ne. Wanda ya fi dacewa da wannan reshe shi ne Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, na 2015. Ijeoma 'yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, wadda a lokacin yaƙin basasa ta haɗu da Amina, Bahaushiya marainiya. Da asiri ya tonu, uwar Ijeoma ta sa ta gaba da karatun Baibul kullum. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano, ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023 da tarin gajerun labaransa God's Children Are Little Broken Things. Littattafan Okparanta da Ifeakandu duka a Amurka aka fara buga su. A gida Najeriya kuwa, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko nuna alaƙar a fili.