Taƙaita gudun ababen hawa a hanyoyin karkarar Kadawa

Kadawa na cikin yankin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, yake kuma shan ruwa daga madatsar Tiga a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta keta yankin, kuma a bakinta kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan take ci. A kan wannan kwalta ɗaya tirela da ta taso daga Legas ke haɗuwa da manomin da ya ɗauro kwanduna a bayan babur, da ɗan dako, da garken shanu mai tsallakawa.

A dokar hanya ta Nijeriya, iyakar gudun ƙaramar motar gida shi ne kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a kan hanyar da ta haɗa garuruwa, 100 kuma a kan tagwayen hanya. Tirela da tankar mai ba a yarje musu wuce 60 ba ko a tagwayen hanyar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu daga 1 ga Fabrairun 2017. Sai dai na'urar ƙololuwar gudu kawai take tsarewa; ba ta san an shigo kasuwa ba.

Nan ne gizo ke saƙar. A takarda hanyar ta matafiya ce, amma a kakar tumatir, musamman daga Janairu zuwa Maris, gefenta kan koma tasha da rumfar ciniki, a daidai lokacin da hazon hunturu ke rage nisan abin da direba ke hangowa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ke kai ga mutuwa da kashi 4 cikin 100. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 ya gyara kwalta, amma lafiyayyar kwalta ita ma tana zuga direba ya taka wuta.

Allon gargaɗi shi kaɗai ba ya tsayar da kowa. Abin da ya fi tasiri shi ne a sauya fasalin hanyar tun kafin a iso ƙauye: jerin ƙananan tudu masu girgiza mota, alamar shiga gari mai ɗaukar ido, matsallakar ƙafa da aka ɗaga, da filin lodi a bayan kwalta. Tudun da mazauna gari kan gina da kansu bayan an yi rashi, fushinsu abin fahimta ne, amma idan babu fenti babu alama, ɗan babur ne yake fara kayarwa da dare. Sanarwar Stockholm ta 2020 ta ba da shawarar kilomita 30 a awa a wuraren da masu tafiya a ƙasa ke cakuɗuwa da motoci a kai a kai.

Hanyoyin ƙasa da ke bin magudanan ruwa nasu sha'anin daban ne. Ƙunci gare su, ƙura tana rufe ido, ga ruwa a gefe, kuma da wuya a ga jami'i a can. A irin waɗannan wurare, tsawatarwar masu unguwanni da shugabannin 'yan babur da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa ta fi isa kunnen matuƙi.