Yadda ake tsabtace kayan kiɗa masu tsirkiya

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar yankunan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa, bukukuwa kan yawaita ne bayan an kammala girbin gero da dawa, kuma a lokacin ne kasuwar makaɗa ke buɗewa.

To sai dai a daidai wannan lokaci ne hunturu ke shigowa da ƙura da bushewar iska, waɗanda kan illata garaya da gurmi da goge, har ma da jita.

Sau da yawa kuma ɓarnar da mai kayan ke yi garin gogewa ta fi wadda ƙurar ke yi.

Ƙura

Ƙurar hunturu na ɗauke da ɓarɓashin yashi. Idan aka danna ƙyalle a kanta aka murza, sai ta karce jikin kayan.

Don haka akan fara kaɗe ta da buroshi mai laushi, sannan a bi da busasshen ƙyallen auduga mai tsabta.

Fata da ƙwarya

Jikin gurmi da na goge ƙwarya ce da aka rufe da fata, ita kuwa garaya itace ne aka fafe. Kuntigi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015 ya yi fice da shi, akan yi shi da gwangwani.

Fatar da ke kansu ba ta son ruwa, domin yana sa ta saki, muryar ta dushe. Man gyaɗa ko man shafawa kuwa yana tausasa ta, ya tara datti, ya kuma jawo ɓeraye da ƙwari.

Goge ya fi kowanne ƙin maiƙo. Tsirkiyarsa izgar doki ce, wadda ake shafa wa ƙaro domin ta kama. Da zarar mai ya taɓa ta, sai ta riƙa zamewa, sautin ya ɗauke.

Jita

Jikin jita na da rufi mai sheƙi, kuma iri biyu ne suka fi yawa.

Akasarin na kasuwa an rufe su da wani sinadari mai kama da roba, wanda ke da juriya. Tsofaffi da wasu masu tsada, kamar na kamfanin Gibson na Amurka, rufinsu siriri ne, kuma fetur da tina da turare da man korar sauro duk suna iya ɓata shi.

Idan datti ya maƙale, ƙyallen da aka ɗan jiƙa aka matse sosai ya wadatar, sannan a busar nan take. Man goge kujeru bai dace da jita ba.

Zufa na sa tsirkiyar ƙarfe tsatsa, shi ya sa ake share ta bayan kowane wasa.

Ajiya

Masu ƙera jita na ba da shawarar danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, abin da ke sa itace da ƙwarya tsagewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kayan cikin jaka, a rataye su a inuwa, nesa da murhu da rufin kwano, da kuma daɓen ƙasa inda gara ke bi.